Na yi ƙorafin mijina ga ƙawayena a daren hadari, maganar ta koma kunnensa

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce, shekarata tara da aure, muna da 'ya'ya uku. Ina da ƙawaye huɗu tun muna makaranta, kusan kullum da dare muna hira a WhatsApp: labarin yara, gajiyar aiki, yanayin gari, da abin da ya ɓata wa kowacce rai a gidanta. Makon jiya aka yi hadari mai iska da tsakar dare, kwano ɗaya ya ɗaga, ruwa ya zubo a ɗakin yara ya jiƙe katifu. Tun kafin damina ta faɗi nake yi wa maigidana maganar rufin nan, yana cewa zai kira kafinta. Cikin ɓacin rai na tura wa ƙawayen saƙon murya, na ce ba ya tsinana komai a gidan, kuma mahaifiyarsa ce ta ɓata shi. Bayan kwana biyu saƙon ya isa wayar ƙanwarsa. Yanzu gaisuwa kawai ke haɗa ni da shi, surukata ta daina ɗaga wayata, ƙawayen kowacce ta rantse ba ita ba ce, rufin yana nan yana yoyo, ƙaramar 'yata kuma da ta ji tsawa sai kuka. In rabu da ƙawayen ne? Ta ina zan fara?

Amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya kawo sauƙi.

Ki fara da abin da ba ya jiran sulhu. Yau ɗin nan ki kwashe shimfiɗar yara daga ɗakin, su kwana a wani wuri har sai an gyara. Kwanon da ya taɓa ɗagawa ya riga ya ba iska wurin kamawa, kuma hadari na gaba zai iya yaye shi gaba ɗaya. Idan silin ya yi ciki ya kumbura, ruwa ne ya taru a samansa. A kashe wutar ɗakin daga babban makunni, a ajiye bokiti a ƙasa, a huda ƙaramin rami daidai inda ya fi saukowa don ruwan ya tsiyaye. Barin sa haka yana iya sa ya rufto da nauyinsa. Katifun da suka jiƙe kuma a fitar da su rana, a jingine su a tsaye yadda iska za ta ratsa ta kowane gefe. Danshi yana fara yin funfuna cikin kwana ɗaya zuwa biyu, kuma katifar soso takan bushe a waje alhali cikinta da ruwa. Ki danna tsakiyarta da busasshen tsumma, in ya ɗauko laima ba ta bushe ba. Wadda ta fara wari ko baƙaƙen ɗigo kada yaro ya kwanta a kanta, musamman mai asma.

Sai maganar da kika faɗa. Ɓacin ranki kan rufin yana kan hanya. Uwar da ta yi ta gargaɗi, sannan ta tashi tsakar dare ta tarar da 'ya'yanta cikin ruwa, ba wanda zai ga laifinta don ranta ya ɓaci. Sai dai a saƙon nan kin bar rufi kin koma kan mutum. “Bai kira kafinta ba” labarin abin da ya faru ne, kuma shi kansa ba zai musa ba. “Ba ya tsinana komai” kuwa hukunci ne a kan shekara taran da ya yi yana fita yana dawowa da abin da ya samu. Sannan kika sako mahaifiyarsa, wadda ba ita ta ƙi kiran kafinta ba. Abin da ya fi yi masa zafi, a ganina, shi ne ya ji maganar da muryarki, ta hannun ƙanwarsa, yana sane cewa mata huɗu sun riga shi ji. Kunya ce ta haɗu da ɓacin rai, kuma mai jin kunya yakan fi daɗewa yana shiru.

Don haka haƙuri za ki ba shi, tsantsa, ba tare da kin haɗa da komai ba. Ki nemi lokacin da yara suka yi barci, ya huta, babu waya a hannun kowa. Kada ki tare shi a bakin ƙofa yana shigowa, kada kuma ki rubuta masa a waya, tunda waya ce ta jawo abin. Ki ce masa wani abu kamar haka: “Maigida, maganar da na faɗa a kanka da kuma a kan Mama ba daidai ba ce. Na faɗa cikin fushi, kuma na faɗa a inda bai kamata ba. Na kunyata ka, ka yi haƙuri ka yafe mini.” Ki tsaya nan. Kalmar da ke rusa irin wannan zama ita ce “amma”. Da zarar kin ce “amma ai kai ma sau nawa na gaya maka”, ya daina jin ban haƙuri, ya koma jin tuhuma, sai ya fara kare kansa. John Gottman da abokan aikinsa a Jami'ar Washington ta Amurka sun daɗe suna nazarin yadda ma'aurata ke tattauna saɓani, kuma a wani bincikensu na 1999 sun nuna cewa minti ukun farko na irin wannan magana yana nuna inda za ta dosa. Wadda aka buɗe da zargi da wuya ta ƙare lafiya. Idan ya fara faɗa, ki bar shi ya amayar da abin da ke ransa. In kika ji zuciyarki na bugawa kina neman ramawa, ki ce za ki ɗan sha iska ki dawo, ki ba kanki kamar minti 20, domin jikin da ya ɗau zafi yana buƙatar kusan haka kafin ya sauka. Ki tabbata kin dawo ɗin, don kada ya ɗauka tafiyar fushi ce.

Zai yiwu ya ce “ba komai” da baki, fuskarsa a ɗaure. Ki karɓa haka. Kada ki matsa sai ya saki jiki a daren.

Surukarki kuma ba ta waya za a gyara ba. Ki gaya wa mijinki kina son zuwa ki ba ta haƙuri, ki tambaye shi ko zai raka ki ko ya fi son ki je ke kaɗai. Wannan tambayar ma tana nuna masa kin ɗauki abin da nauyi. In kin je, ki taƙaita: “Mama, na yi magana marar kyau a kanki, ba ki yi mini komai ba a wannan dare. Ki yafe mini.” Kada ki kawo tarihin tsofaffin abubuwan da ke tsakaninku, ko da akwai su. Ƙanwar mijin da saƙon ya je hannunta kuwa, ki gaishe ta kamar yadda kika saba, kada ki tambaye ta wa ya turo mata.

Yanzu rufin. Nan nake so mu daɗe, domin duk haƙurin da kika bayar, in ruwa ya sake zubowa kan yara, faɗan zai dawo sabo.

Yawancin masu cewa “zan kira kafinta” su ƙi kira, ba rashin kulawa ke hana su ba. Ba su san girman aikin ba, suna tsoron a kira musu kuɗin da babu, sai su yi ta ɗagawa. “A gyara rufi” magana ce mai faɗi da ba ta da farko. In kika mayar da ita “kwano biyu ne da katako ɗaya a kusurwar ɗakin yara”, ta zama abin da mutum zai iya cewa to. Wannan aikin za ki iya yi ba tare da kin hau ko'ina ba. Da rana, ki zagaya gidan ki duba daga ƙasa: ina kwano ya lanƙwashe, ina ƙusa ta fito kai, ina tsatsa ta ci, ina reshen bishiya yake gogar rufi. Ki ɗauki hoto. A cikin ɗaki ki zagaye duk tabon ruwa da alli. Ki sani cewa inda ruwa ke ɗiga sau da yawa ba nan ya shigo ba. Yakan shigo daga can sama, ya bi jikin katako ya gangaro, sai ya sauka a wani wuri. Shi ya sa ake liƙe saitin inda ake ganin ɗigo, ruwan sama na gaba ya zo a ga babu abin da ya canza. Idan akwai ƙofar leƙa cikin silin, wani babba ya leƙa da rana ba tare da fitila ba: duk inda hasken rana ya ratso, huda ce.

Kada ƙanƙantar hudar ta ruɗe ku. Ruwan sama milimita 1 a kan fili mai faɗin mita 1 da tsawon mita 1, lita 1 ke nan. Ɗaki mai mita 4 a kowane gefe, in aka yi ruwa na milimita 25, lita 400 ce ta bi ta kan rufinsa. Ko kashi ɗaya cikin ashirin ne ya samu hanya, lita 20 ke nan a kan katifa.

Abin da ke ɗaga kwano kuma ya kamata ku fahimce shi, don kada a yi muku gyaran da ba zai kai wata ba. Iska mai ƙarfi in ta bi ta saman rufi tana zuƙar sa sama ne, kuma zuƙar ta fi tsanani a gefuna da kusurwoyi da ƙololuwa. In gudun iska ya ninka biyu, ƙarfinta a kan rufi yana ninka huɗu. In kuma aka bar taga ko ƙofa a buɗe ta ɓangaren da iskar ke fitowa, sai ta cika ɗaki ta riƙa tura rufin daga ƙasa, waje na ja, ciki na turawa. Dalilin rufe tagogi ke nan da zarar hadari ya taso.

Ƙusa ba ta fita haka kawai. Ko dai katakon da take ciki ya ruɓe saboda daɗewar yoyo, ko gara ta cinye shi, ko ramin ƙusar ya faɗaɗa saboda kwano yana buɗewa da zafin rana yana tsukewa da sanyin dare, shekara da shekaru. Robar da ke ƙarƙashin kan ƙusa ma rana na busar da ita ta tsage, ruwa ya riƙa bin nan. To kafintan da ya hau ya mayar da ƙusa cikin tsohon raminta ya sauko, bai yi komai ba. Ku ce masa ya fara soka katakon ya gani. In ya yi laushi ko ya zama gari, a canza shi ko a haɗa masa sabo a gefe. A yi amfani da sukurori masu roba, sun fi ƙusa riƙo, ko aƙalla sababbin ƙusoshi masu tsawo, a sabon wuri, a toshe tsofaffin ramukan. A kwano mai tudu da kwari, a kan tudun ake bugawa, domin kwarin shi ne hanyar ruwa. A gefuna da kusurwoyi a matso da su kusa da juna fiye da na tsakiya. Inda kwano ya hau kan ɗan'uwansa ta tsawo, hawan kada ya gaza santimita 15, in rufin ba shi da gangara sosai a kai 20. Ta gefe kuma a ba shi tudu ɗaya da rabi, don iska kada ta tura ruwa ta ƙarƙashi. Ya duba kwanon da ya rufe ƙololuwa, da inda rufi ya haɗu da bango, nan ne yoyo ya fi ɓuya. Ya kuma duba ko katakon rufin a ɗaure yake da bango da ƙarfe ko waya mai kauri, saboda in ba a ɗaure ba, iska na iya ɗauke kwano da katako tare. Idan akwai indararo ko magudanar da ke bakin rufi, a kwashe ganye da ƙasar da suka toshe ta, domin in ta cika ruwa baya yake komawa ƙarƙashin kwano.

Ɗora duwatsu ko bulo a kan kwano don danne shi ba gyara ba ne, haɗari ne. Ranar da iska ta fi ƙarfinsu, su ne za su faɗo. In dole a yi na wucin gadi, a shimfiɗa tamfol daga ƙololuwa ya sauko ya wuce wurin da aƙalla mita 1, a danne gefunansa da siraran katako a buga. Kuma kada kowa ya hau rufi yana jiƙe, ko ana iska, ko ana jin tsawa ko da daga nesa.

Ku nemi kafinta biyu kowanne ya faɗi nasa, a rubuce, kuɗin kaya daban, na aiki daban. A ba da wani kaso, a riƙe saura sai an gwada. Gwajin ba wuya: mutum ɗaya yana zuba ruwa a kan rufi, ya fara daga ƙasa yana hawa sama a hankali, wani yana ciki yana kallo. In gidan haya ne, ku sanar da mamallakin a rubuce, da hoto da kwanan wata, kuma kada ku gyara da niyyar cirewa a kuɗin haya sai ya amince a rubuce.

Yadda za ki kai masa maganar: ba a zaman ban haƙuri ba. Ki bari kwana ɗaya ya wuce, sai ki nuna masa hotunan ki ce: “Na duba, ga inda ya lalace. Ina jin tsoron hadari na gaba. Kai za ka kira kafintan, ko in kira ya zo ranar da kake gida?” Kin ba shi zaɓi biyu waɗanda duk rufi ke gyaruwa a cikinsu, kuma ba ki ƙwace masa matsayinsa ba. In kina da abin da za ki iya sawa a kuɗin, ki faɗa tun farko, a hankali, ba da sigar gori ba.

Wani abin da nake hasashe daga wasiƙarki shi ne, a daren nan ke kaɗai kika yi ta fama, kuma rabin fushinki daga nan ya fito. Gidaje da yawa ba su taɓa zama sun raba aikin daren hadari ba, sai abu ya faru kowa ya jira ɗan'uwansa. Ku raba tun gari na lafiya. Wane ne zai rufe tagogi ya kwashe shanya da duk abin da iska za ta iya ɗauka a tsakar gida, wane ne zai zare talabijin da firij da caja daga soket, wane ne zai tattara yara. Kashe na'ura da makunninta bai isa ba, sai an zare wayar, kuma a yi haka kafin hadarin ya iso. Tocila ta kasance a wuri ɗaya da kowa ya sani, ta fi kyandir aminci a ɗakin da yara suke. Takardun makaranta, na asibiti da na gida a sa su a leda mai rufewa, a ɗora a sama. Kowa ya san inda babban makunnin wuta yake, kuma kada a taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu ko ana tsaye cikin ruwa.

Ana tsawa, a bar wanka da wanke-wanke a famfo, a bar taɓa duk abin da ke jone da wuta, a nisanci taga. Wayar hannu da ba ta kan caji ba ta da matsala a cikin ɗaki. A jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe kafin a fita. In wuta ta ɗauke, firij da ba a buɗe shi ba yana riƙe sanyi kamar awa 4, firiza cikakkiya kuma har kwana biyu. Janareta kuwa, don Allah kada ruwan sama ya sa a shigo da shi ɗaki, ko baranda mai rufi da bango, ko bakin taga. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutane suna barci. Wurinsa waje ne, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, da rumfarsa mai buɗaɗɗen gefe. Washegari in kuka ga wayar lantarki ta faɗo, ku ɗauka da wuta a jikinta, ku tsaya nesa da ita kamar mita 10, ku hana yara zuwa wurin. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 yana iya kayar da babba, balle yaro mai tafiya makaranta.

'Yarki ba tsawa kaɗai take tsoro ba. A tunaninta tsawa ta haɗu da farkawa cikin ruwa, da duhu, da muryar uwarta cikin tashin hankali, da shirun da ya biyo baya a gidan. Kada a ce mata “ba komai” a wuce, kada yayyenta su yi mata dariya. Da rana, gari garau, ki yi mata bayani daidai hankalinta: walƙiya haske ce, tsawa ƙararta ce, ƙarar ba ta taɓa mutum. Sai ki koya mata ƙirge. Haske yana isowa nan take, ƙara kuwa tana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa, wato duk daƙiƙa 3 tsakanin walƙiya da tsawa kilomita 1 ne. In ta ƙirga tara, ki ce mata can nesa ne, kilomita uku. In na gaba ya kai goma sha biyu, ki ce kin ji, yana tafiya. Yaron da aka ba aikin yi ya fi wanda aka ce ya yi shiru samun natsuwa. Ki ba ta tocilarta, ki zauna kusa da ita, muryarki a kwance. Ranar da kafinta ya zo kuma ki bari ta ga ana gyaran. Idan aka yi makonni tana firgita a barci, ko ta koma fitsarin kwance bayan ta daina, ko ta ƙi shiga ɗakin ko da rana, ki kai ta a duba ta.

To, ƙawaye. Ba na ba ki shawarar rabuwa da su. Mace mai yara uku da hidimar gida tana buƙatar inda za ta ce “yau na gaji” a ce mata “sannu”. Hirar nan ta yanayin gari da rigimar yara da abin da ya ƙone a kan wuta, wadda wasu ke gani kamar ɓata lokaci, ita ke rage wa mutum nauyin rana. In kika yanke ta cikin fushi, za ki koma ki zuba duk gajiyarki a kan mutum ɗaya, shi ne mijin da kike neman shiryawa da shi.

Kada kuma ki ɓata ƙarfinki wajen farautar wadda ta tura. Waya tana shiga hannun yara da miji da ƙanne. Wata kan kunna saƙo da ƙarfi a ɗakin da akwai mutane. Wata kan tura wa 'yar'uwarta don neman shawara, daga nan ya wuce. Zai iya kuma kasancewa da gangan ne. Ko wanne ne, rantsuwa ba za ta fito da shi ba, zargi kuwa zai ɓata ki da uku waɗanda ba ruwansu. Ki faɗa musu sau ɗaya, ba zafi: maganata ta fita, ta jawo mini matsala a gida, ina roƙon kowacce ta goge saƙon, kuma daga yau abin da aka faɗa a nan ya tsaya a nan. Ke ma ki goge nasu da ke wayarki.

Abin da za ki canza shi ne irin kayan da kike kaiwa wurin. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, to ta saƙon murya ta fi, domin ita ana ajiye ta, a sake kunna ta bayan wata shida, da sautin fushinki yadda yake, a gaban wanda bai san yara sun kwana cikin ruwa ba. Saƙo mai gogewa da kansa ma ba kariya ba ne, wata wayar na iya naɗar sa. Saboda haka duk abin da ya shafi halin mijinki, danginsa, aljihunsa ko shimfiɗarku, kada ya shiga rubutu ko naɗi. In ya cika miki ciki, ki zaɓi mutum ɗaya wadda kika daɗe da gwada riƙon amanarta, wadda ke son aurenki ya zauna, ki kira ta ko ku haɗu. Kuma ki bar fushi ya kwana tukuna. Abin da kika ji dole sai kin faɗa da ƙarfe biyun dare, da safe sau da yawa rabinsa ya zube.

A taron ku biyar, ki tsaya kan abin da ya faru da yadda kika ji: “rufi ya yi yoyo, ban yi barci ba, raina a ɓace yake.” Ma'auni mai sauƙi shi ne, in da yana tsaye a bayanki yana ji, za ki iya ƙarasa jimlar? Ki kuma faɗa musu abin da kike so, saurare ne ko shawara. Da kin ce “wa ta san kafinta mai amana?” a daren nan, da wataƙila lamba kika samu maimakon wannan rigima.

Akwai wata illa da ba a cika lura da ita ba. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Amanda Rose, ta wallafa bincike a 2002 kan yara da matasa masu yawan nanata damuwa ɗaya da abokansu, suna juya ta ba tare da neman mafita ba. Ta gano cewa hakan yana tafiya tare da ƙarin shaƙuwa a tsakaninsu, amma kuma yana tafiya tare da ƙarin fargaba da ƙuncin rai. Manya ma suna faɗawa wannan. Wannan ta kawo laifin mijinta, waccan ta ce ai nata ya fi, kafin a yi sallama kowacce ta fi jin haushin gidanta fiye da lokacin da aka fara. In kun ga ƙorafi ɗaya ya dawo karo na uku, wata a cikinku ta tambaya: to yanzu me za a yi? Kuma ki riƙa kai musu labarin alherinsa in ya yi. Ke za ki yafe ki manta, su kuwa abin da kika gaya musu kaɗai suka sani, sai su ci gaba da kallon sa da wannan idon, su riƙa ba ki shawara a kan mutumin da ba cikakken hotonsa suke gani ba.

Duk wannan a kan gajiya da saɓanin yau da kullum nake magana. Idan a gida akwai duka, ko barazana, ko hana abinci da magani, wannan ba sirrin da ake rufewa ba ne. A gaya wa wanda zai iya tsayawa a kai, cikin dangi ko hukuma, kuma a ajiye shaida. Ban ga alamar haka a wasiƙarki ba, na faɗa ne saboda wata mai karatu.

Idan kin ba da haƙuri, kin kai hotuna, mako ya zagayo babu kafinta, ki sake yi masa magana sau ɗaya da rana tsayayya: “Ranar Asabar zan kira shi ya zo ya duba ya faɗi kuɗin, ina so kana nan.” Ki kira ɗin. Dubawa da faɗin kuɗi ba su tilasta wa kowa komai, amma suna kawar da tsoron abin da ba a sani ba. In ya hana, ko shirun ya wuce mako biyu ba sassauci, ki nemi babba ɗaya da yake jin nauyinsa, ki gaya masa kuskurenki da bakinki kafin ya ji a wani wuri, ki roƙe shi ya zaunar da ku kan abu biyu kawai, sulhu da rufi. Kafin nan yara su ci gaba da kwana a ɗayan ɗakin, kuma kada su koma sai an zuba ruwa a kan gyaran an ga bai ɗiga ba.